Amsoshin Tambayoyinku: An Sauya Inji, Mota Na Ɗaukar Zafi

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da warhaka. Wasiƙun wannan makon yawancinsu daga masu manyan motoci suka fito, kuma ba abin mamaki ba ne. Mun shiga watan Afrilu, zafin Kano na taɓa digiri 40 da tsakar rana, duk motar da ke da rauni a wajen sanyaya inji yanzu ne asirinta ke tonuwa.

Ta farko daga wani direba ce mai lodin hatsi a kasuwar Dawanau. Ya ce tsohuwar Kanta gare shi, injinta ya buga, ya sayo injin Beljiyam mai tobo a Ƙofar Ruwa aka ɗora masa. Inji na tashi lafiya, ba hayaƙi, amma da ya yi lodi ya hau titin Katsina, kafin ya kai Bichi allurar zafi ta doshi ja. Bakanikensa ya ce a buɗe kan inji a sauya gasket, wato shimfiɗar da ke tsakanin kan inji da gangar jikinsa. Yana tambaya ko ya yarda.

Malam direba, Allah ya ba ka haƙuri, amma a dakata da buɗe injin nan tukuna. Gasket idan ya ƙone yana da alamomin da yawanci ba sa ɓuya. Da safe, inji na sanyi, ka buɗe murfin lagireto, ka cika ruwa, ka tada mota. In ka ga kumfa na ɓulɓulowa ba ƙaƙƙautawa, ko ruwa na tsalle waje tun inji bai ɗumama ba, wannan iskar silinda ce ke shiga ruwa. Ka zaro sandar baƙin mai ka duba ko ya koma kalar shayi da madara. Ka lura ko salansa na fitar da farin hayaƙi mai kauri, ko ruwa na raguwa kullum ba tare da ka ga inda yake zuba ba. Ba ka ambaci ko ɗaya daga cikin waɗannan ba a wasiƙarka.

Abin da za a fara tabbatarwa shi ne: da gaske injin na zafi, ko geji ne ke faɗar abin da ba haka ba? Sansan da ke auna zafi ya zo ne a jikin sabon inji, shi kuwa gejin da ke gabanka na tsohuwar mota ne. In ba na gida ɗaya ba ne, allura za ta iya nuna ja alhali ruwa bai wuce digiri 90 ba, wanda shi ne daidai aikin inji. Ka nemi gareji mai ma'aunin zafin nan da ake haska wa ƙarfe daga nesa, a auna wuyan da ruwa ke fita zuwa lagireto lokacin da allurar ta hau. Ko kuma a ciro sansan tsohon injinka a ɗaura, in zarensu ya zo ɗaya. Aikin rabin awa ne.

In kuwa zafin na gaske ne, to ni inda zan fi zargi shi ne lagireto. Wajen sulusin ƙarfin man da inji ke ƙonawa, zafi ne da ruwa ke kwashewa. Inji mai tobo ya fi wanda ka cire cin mai a ƙarƙashin lodi, don haka ya fi shi fitar da zafi, amma ka bar masa lagireton da aka ƙera wa ƙaramin inji, wanda kuma ya shekara da shekaru yana tara tsatsa a ciki da ƙurar hunturu a waje. Ka sa wa ƙato rigar yaro ke nan. Shi ya sa ba ta damunka a cikin gari ko in babu kaya, sai an yi lodi an miƙe hanya. A kai lagireton wajen masu wanki su buɗe shi su tsefe layukansa ɗaya bayan ɗaya. In bai wadatar ba, a nemo mai layuka fiye da naka. Sannan ka sa yaronka ya taka totur kana kallon tiyon ƙasa na lagireto: in ya tsufa ya yi laushi, famfon ruwa na zuƙe shi ya lanƙwashe, ruwa ya kasa wucewa daidai lokacin da aka fi bukatarsa. Wannan ƙaramin abu ya sa an buɗe injuna masu lafiya da yawa a banza.

Ta biyu kishiyar ta farko ce. Wani Alhaji mai tifar yashi ya rubuto daga Unguwa Uku. Ya ce tun da aka sauya mata inji, in tana gudu a titin Zariya lafiya lau, amma da ta shiga cunkoso sai ruwa ya fara tafasa.

Ranka ya daɗe, wannan maganar iska ce. A guje, iskar hanya ke sanyaya lagireto. A tsaye, fanka kaɗai ke wannan aiki, kuma naka bai isa ba. Wajen ɗora sabon inji sau da yawa fanka kan yi nisa da lagireto, ko kuma kwanon da ke kewaye da shi ya ƙi shiga, sai a ajiye shi gefe a ce ba shi da amfani. Yana da amfani ƙwarai. In babu shi, fanka iskar gefe yake juyawa maimakon ya jawo ta ta cikin lagireto. A mayar da shi, ko a sa mai walda ya ƙera wani. Akwai kuma injunan da famfon ruwansu, wanda fanka ke ɗaure a kansa, ke juyawa ta hagu, wasu ta dama, gwargwadon yadda fambel ya zagaya. In an ɗaura fankan tsohon inji a kan sabo mai juyin da ya saɓa, sai ya riƙa tura iska gaba. Gwajin ba wuya: inji na silo, a kara takarda a gaban lagireto ta waje. In ta manne, fanka na jawowa. In ta faɗi ko ta ture, an gano ɓarakar. In fankan mai kuloci ne a tsakiyarsa, a kashe mota tana da zafi a juya shi da hannu; wanda ya yi ta wulwulawa ba tirjiya ya mutu.

Sai wani matashi mai koyon aiki a Kwakwaci. Ya ce ogansa duk injin Beljiyam da ya shigo sai ya cire masa tamostat, wato abin da ke tare hanyar ruwa zuwa lagireto har sai inji ya ɗumama, wai don ƙasar sanyi aka yi shi. Yana so ya san gaskiyar lamarin.

Ƙanena, na ji daɗin tambayar nan, kuma na san ogan naka ba shi kaɗai ke da wannan ra'ayi ba. Amma ban yarda da shi ba. Tamostat yana buɗewa ne tsakanin digiri 80 da 90, kuma da ya buɗe ya gama tare hanya. Ba shi ke sa lafiyayyen inji tafasa ba. A injuna da yawa ma aiki biyu yake yi: yana buɗe hanyar lagireto, yana kuma toshe wata gajerar hanya da ruwa ke zagayawa a cikin inji. Ka cire shi, waccan hanya ta zauna a buɗe, wani ruwan ya riƙa kewaya inji bai je lagireto ba. In ana shakkarsa, a jefa shi a tukunyar ruwa a kan wuta a ga ko zai buɗe kafin ruwan ya tafasa. Wanda ya ƙi, a sauya shi da sabo. Ka kai wa oganka maganar cikin ladabi, ku gwada tare. Kuma duk sanda kuka ɗora inji, ku fitar da iskar da ta maƙale a hanyoyin ruwa kafin ku ba da mota: gabanta a ɗan tudu, murfi a buɗe, ana ƙara ruwa a hankali har tamostat ya buɗe kumfa ta ƙare. Allurar da ke hawa tana sauka ba dalili, yawanci iska ce.

Wata Hajiya daga Kurna, wadda ke da motar haya a hannun direba, ta tambaya ko ruwan rijiya ya isa, tunda kulan, wato ruwan da aka haɗa musamman don sanyaya inji, na da tsada. Hajiya, ruwan rijiya da na burtsatse suna barin farin dutse a cikin lagireto, suna kuma cinye fikafikan famfon ruwa da tsatsa. A sa kulan. A duba murfin lagireto kuma, wanda za ki ga an buga masa 0.9 ko 1.1 a kai. Shi ke riƙe matsin da ke hana ruwa tafasa sai wajen digiri 120. In robarsa ta mutu, tun a 100 zai fara amai. Kuma don Allah ki ja wa direban kunne: kada ya buɗe murfin nan mota na da zafi, kada ya sheƙa wa inji mai zafi ruwan sanyi, kan inji na iya tsagewa. Ya faka a inuwa, ya ba ta aƙalla rabin awa.

Akwai sauran wasiƙu biyu kan baƙin hayaƙi da saitin injekta, wanda shi ma yana sa inji zafi in an buɗe masa mai fiye da kima. Lokaci ya cim mana, da su za mu fara a mako mai zuwa in Allah ya kai mu. A huta lafiya.