Sharhi: 'Yan kasuwa da zaɓen sherif a gundumomin Amurka

Jama'a masu sauraro, idan zaɓen sherif, wato babban jami'in tsaro na gunduma, ya ƙarato a wata gunduma ta Amurka, akan ji ƙungiyar 'yan kasuwar yankin, ko ta dillalan gidaje, ta fito ta bayyana ɗan takarar da take mara wa baya, nan da nan kuma sai sunanta ya bayyana a takardun yaƙin neman zaɓe da ake aika wa mutane har gida. Wanda ya saba da tsarin Najeriya ko Nijar, inda hukuma ce ke naɗa shugabannin 'yan sanda, zai ji abin banbaraƙwai, amma a Amurka akwai masu riƙe da wannan muƙami kimanin 3,000, kuma mafi yawansu ƙuri'a ce ke kawo su, galibi na wa'adin shekara huɗu.

Nauyin wannan goyon baya ya samo asali ne daga yawan abin da ke hannun sherif. Shi ke riƙe da gidan yarin gunduma, jami'ansa ke sintiri a yankunan da ba su da 'yan sandan kansu, su ke tsaron kotu, kuma a jihohi da dama su ne ke zuwa su fitar da ɗan haya da kayansa idan alƙali ya ba da umarni. Mai kantin da ɓarayi suka fasa masa shago yana da cikakken haƙƙin neman wanda zai tsare masa dukiya, kuma babu laifi idan ya haɗa kai da takwarorinsa suka faɗi wanda suke so.

Sai dai ba masu kanti kaɗai ke cikin irin waɗannan ƙungiyoyi ba. Gidan yari babbar kasuwa ce: akwai kamfanin da ke dafa wa fursunoni abinci, da mai kula da lafiyarsu, da mai sa musu wayar tarho, wanda uwa ko matar ɗaurarre ke biya da tsada kafin ta ji muryar nata, da kuma masu sana'ar tsaya wa mutane beli don riba. Yawancin waɗannan cinikinsu ya rataya ne a kan shawarar da ofishin sherif zai yanke, kuma abincin wasunsu yana ƙaruwa ne idan ɗaurarru suka ƙaru. Mai zaɓe kuwa sunan ƙungiya kawai yake gani, ba ya ganin wanda ke jiran kwangila a bayanta, ga shi kuma wannan zaɓe ne da mutane ba su cika bibiyarsa ba, saboda haka kalmar ƙungiya ɗaya tana iya karkata akalar dubban ƙuri'u.

A watan Oktoban 2008, lokacin da bankuna ke ƙwace gidaje, sherif na gundumar Cook da ta ƙunshi birnin Chicago, Tom Dart, ya dakatar da fitar da mutane daga irin waɗannan gidaje, domin jami'ansa suna tarar da 'yan hayar da suka biya kuɗinsu, ba su ma san maigidan ya kasa biyan bashin banki ba. Da wuya wanda bankuna da masu gidajen haya suka ɗauki nauyin takararsa ya iya ɗaukar irin wannan mataki. A gundumar Orange ta jihar Kaliforniya kuwa, attajirin da ya taimaka wa Mike Carona cin zaɓen sherif a 1998, Don Haidl, ya samu muƙamin mataimakin sherif. Daga baya masu taimaka wa alƙali yanke hukunci sun wanke Carona daga tuhumar cin hanci, amma a 2009 suka same shi da laifin ƙoƙarin sa wani mai ba da shaida ya ɓoye gaskiya, aka ɗaure shi shekara biyar da rabi.

A ganinmu, duk ƙungiyar da za ta tsayar wa jama'a gwani a wannan kujera, wajibi ne ta bayyana waɗanne ne cikin mambobinta ke da kwangila da gidan yarin, ko suke neman ta, da kuma nawa suka zuba a takarar. Shi ma ɗan takarar ya kamata 'yan jaridar yankin su tambaye shi a bainar jama'a ko zai janye hannunsa daga bayar da kwangila ga duk kamfanin da ya ba shi gudummawa, kuma su buga amsarsa kafin ranar zaɓe.