Wa Ke Riƙe Yaro Idan Uwa Ta Fita Aiki?

Kafin a buɗe ofis ko ɗaya a Birnin Kebbi, mace ta riga ta gaji. Ta ɗebo ruwa, ta dama koko, ta yi wa yara wanka, ta leƙa surukarta da ke kwance ba lafiya. Babu albashi a wannan aiki, babu fansho.

Hukumar Ƙwadago ta Duniya ta auna nauyinsa. A rahotonta na 2018 ta ce mata ne ke yin kashi 76 cikin 100 na hidimar iyali da ba a biya. A 2023 kuma, mata miliyan 708 ne hidimar gida ta hana su neman aiki, maza kuwa miliyan 40.

Mu dawo gida. Dokar ƙwadago ta Najeriya ta ba mai haihuwa hutun mako 12, da aƙalla rabin albashi idan ta kai wata shida tana aiki. Ma'aikatan gwamnatin tarayya suna samun hutun da ya fi haka tsawo, kuma a 2021 aka amince wa maza kwana 14. To amma likitoci sun ce a shayar da jariri nono zalla har wata shida. Hutu ya ƙare, jariri bai isa a bar shi ba. Ina za ta kai shi?

A nan ne ake rasa mata. Malamar da aka tura makarantar ƙauye a bayan Argungu, da goyo a bayanta, ga ba kaka a kusa. Ma'aikaciyar jinya da aka sa wa aikin dare. Sai ta fara makara, sai a ce ba ta da himma. Idan aka tashi tura ma'aikata kwas, ko ƙarin girma ya zo, sai a tsallake ta a ba abokin aikinta, wanda shi ma yana da yara, amma akwai mai riƙe masa su.

Ga kuma jinya. A asibitocinmu, mara lafiya sai da mai zama da shi, kuma kusan kullum mace ce ke shimfiɗa tabarma a gefen gado, ta bar sana'arta kwana da kwanaki.

Matan da ke turara shinkafa ko soya ƙuli-ƙuli kuwa, ba su ma san wani hutun haihuwa ba. Abin da ya fi damuna shi ne wadda ke biyan kuɗin wannan rashi: babbar 'ya. Ita ake cirewa daga aji ta yi raino, ita ake ɗora wa faranti ta tafi talla. Shekara goma sha biyar nan gaba, lokacin da ake neman ungozoma mace a asibitin garinsu, ba za a same ta ba.

Ɗakin raino a harabar sakatariya, ko asibiti, ko gefen injin shinkafa, ba sai an yi babban gini ba. Ɗaki ne mai iska, da ruwa mai tsabta, da mata biyu da aka horar ake biyan su duk wata, inda uwa za ta leƙo ta shayar ta koma bakin aikinta. Dokar ma ta ba ta rabin awa sau biyu a rana don shayarwa, sai dai rabin awa ba ya kai ta gida ya dawo da ita.