Idan Manyanmu Suka Kwance wa Juna Zani a Kasuwa

Malam Sani: Assalamu alaikum masu sauraro. Yau ni da Malama Binta da Malam Kabiru za mu tattauna irin ɗacin da mutum yake ji a ransa idan mutane biyu da yake ganin girmansu suka fito bainar jama'a suna yi wa juna tonon silili. Malam Kabiru, kai ne ka kawo batun, don haka kai za ka buɗe.

Malam Kabiru: Na kawo shi ne domin ya same ni. Akwai wasu malamai biyu da na daɗe ina sauraron karatunsu, har nakan haɗa maganar wannan da ta wancan idan ina bayani, sai ga shi cikin mako guda kowannensu ya saki bidiyo yana zargin ɗan'uwansa da rashin amana. Saɓanin bai dame ni ba, tunda harshe da haƙori ma sukan saɓa. Abin da ya hana ni barci shi ne kalmomin da suka zaɓa, da kuma yadda abokaina suka tsare ni suna neman in faɗi ɓangaren da nake, kamar dai shiru ma laifi ne.

Malama Binta: Ina ganin rabin ɓacin ranka, Malam Kabiru, kai ka jawo wa kanka, domin ka ɗauka wanda ya iya bayani a kan haƙuri lallai ya iya haƙuri. Ka dubi Suyuɗi, wanda ya rasu a 1505, da Sakhawi, wanda ya rasu a 1497, almajirin Ibn Hajar. Dukansu manyan malamai ne da suka yi zamani a Alƙahira, amma Sakhawi ya rubuta cewa Suyuɗi yana kwasar littattafan magabata daga ɗakin karatu yana danganta wa kansa, shi kuma Suyuɗi ya mayar masa da raddi mai zafin gaske. Fiye da shekara 500 ke nan ana karanta su duka biyun, kuma ba wanda ya jefar da tafsirin Jalalaini, wanda Suyuɗi yake ɗaya daga cikin marubutansa biyu, saboda wannan rigimar.

Malam Sani: Ai malaman hadisi sun yi wa irin wannan ƙa'ida. Zahabi, wanda ya rasu a 1348, ya yi bayanin cewa sukar da tsara yake yi wa tsaransa ba a dogara da ita, musamman idan aka ga alamar ƙiyayya ko hassada ko bambancin mazhaba. Shi ya sa kakkausar maganar da Imam Malik ya faɗa a kan Ibn Is'haƙ mai tarihin Annabi ba ta hana na baya amfani da ilimin kowannensu ba.

Malam Kabiru: Ƙa'idar tana da kyau, amma ku yi mini uzuri, ina tsoron ta zama mafakar ragwanci. Idan kullum za mu naɗe maganar mu ajiye da sunan girmama manya, wanda aka zalunta a cikinsu fa? Wani lokaci ɗayan ne yake da gaskiya, ɗayan kuma yana da ƙarfi kawai.

Malama Binta: To, a nan na yarda da kai, kuma misalin da ya fi fito da wannan shi ne na Isaac Newton da Gottfried Leibniz a kan wanda ya fara gano lissafin kalkulas, wato reshen lissafi da ke auna yadda abubuwa suke canzawa. Newton ya yi aikinsa tun wajen 1665 zuwa 1666 amma bai buga ba, shi kuwa Leibniz ya buga nasa a 1684. Da magoya bayan Newton suka zarge shi da satar fasaha, sai Leibniz ya kai kuka ga ƙungiyar masana kimiyya ta Landan, wato Royal Society, wadda Newton ne shugabanta tun 1703. An naɗa kwamiti, rahoto ya fito a 1712 yana bai wa Newton gaskiya, alhali Newton ne da kansa ya tsara rahoton, daga baya kuma ya rubuta masa sharhi ba tare da sa sunansa ba. Yau masana tarihi sun amince cewa kowannensu ya gano lissafin ne ta hanyarsa, amma Leibniz ya mutu a 1716 da tabon zargin a jikinsa.

Malam Sani: Wato abokin rigimar Leibniz shi ne alƙali, shi ne kuma mai shaida.

Malama Binta: Haka ne, kuma abin da nake so mu lura da shi shi ne mutum yana iya cewa Newton gwani ne wanda ya canza ilimin kimiyya, ya kuma ce ya yi rashin adalci a wannan shari'ar, ba tare da maganganun biyu sun yi karo ba. Mabiya ne suke kasa riƙe su a lokaci guda. Su ma sun yi asara, domin masana lissafi na Ingila sun daɗe suna ƙin alamomin rubutun Leibniz saboda kishin nasu, alhali nasa ne suka fi sauƙin aiki, kuma da su ake koyarwa har yau.

Malam Kabiru: Ke nan ba dole ba ne in raba laifi biyu daidai don a ce na yi adalci.

Malam Sani: Ko kaɗan. Aya ta 8 a Suratul Ma'ida ta hana ƙin mutane ya kai mu ga barin adalci, ni kuma a ganina so ya fi ƙi wuyar sha'ani a nan, domin idan wanda kake ƙauna ya yi zagi sai ka kira shi kishin gaskiya, idan ɗayan ya yi irinsa sai ka kira shi rashin tarbiyya. Ni abin da nake yi shi ne in saurari cikakkiyar maganar kowanne, ba guntun minti ɗaya da mabiyan abokin hamayyarsa suka yanko ba, sannan in gwada ko zan iya faɗin hujjar wanda ba na so ta yadda shi kansa zai ce haka yake nufi.

Malam Kabiru: Gaskiya ban yi hakan ba. Na saurari bidiyon ɗayan har ƙarshe, na kusan awa guda, na ɗayan kuwa guntaye kawai na gani, kuma almajiran na farkon ne suka turo mini su.

Malama Binta: Wanne ne daga cikinsu ka fi so tun asali?

Malam Kabiru: Wanda na saurara har ƙarshe.

Malam Sani: To, Malam Kabiru, ka nemo cikakken na ɗayan kafin mako mai zuwa, ka zo ka faɗa mana hujjarsa da bakinka. Masu sauraro, mu kwana nan.