Takarda da biro kafin kwamfuta: yadda ake tsara shafin intanet

Ga takarda, ga biro. Kwamfuta ta zauna a rufe tukuna, sai mun gama zane uku. Misalinmu ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari da ke son sayar da atamfa da shadda da leshi ta intanet.

Na farko, taswirar shafuka. Akwati ɗaya a sama, shafin farko ke nan. Ƙarƙashinsa huɗu: Kaya, Kwando, Kai Kaya, Tuntuɓa. Daga Kaya a saukar da uku, kowane irin yadi da nasa. A ba kowane akwati lamba, 1.0, 1.1, 1.2, don in ana magana da mai haɗa shafin kowa ya san wanda ake nufi. Akwatin da babu layin da ya kai gare shi maraya ne, mai saye ba zai taɓa gano shi ba.

Zane na biyu shi ne hanyar mai saye, kuma nan ne aikin yake. Akwati na nufin shafi, kibiya na nufin inda aka latsa aka tafi, siffar daiman kuma tambaya ce mai amsa biyu, e ko a'a. Ku bi yatsana. Hajiya ta shigo, ta zaɓi shadda, za ta sa a kwando. Dakata. Yadi nawa? Atamfa turmi-turmi ake sayar da ita, shadda kuwa aunawa ake yi. Ashe shafin shadda na buƙatar gurbin rubuta yawan yadi, wanda na atamfa ba ya buƙata. Biro ne ya tono wannan cikin minti ɗaya. Da an riga an gina shafin, sai an warware aiki.

Yanzu daiman: kuɗi sun shiga? Kowa na zana kibiyar e, ta a'a ce ake mantawa. Banki ya cire kuɗi, sabis ya ɗauke, saƙo bai iso ba. Me Hajiya za ta gani a wayarta? In babu akwatin da zai ba ta lambar oda da hanyar tuntuɓa, ko dai ta sake biya, ko ta tafi da zargin an damfare ta. Kada a bar daiman ko ɗaya da kibiya guda.

Na uku, ƙwarangwal ɗin kowane shafi. A fara da na waya, faɗin fiksel 360 (fiksel shi ne ɗigon da ake auna fuskar waya ko kwamfuta da shi), tunda da waya yawancin masu saye za su shigo. Ba launi, ba ado. Gurbin hoto akwati ne da aka gicciye da layi biyu. Maɓallin saye kada ya gaza fiksel 48, don babban yatsa ya same shi. A rubuta ainihin sunan kaya da farashi, domin suna mai tsawo kan karya layi ya ture maɓallin ƙasa.

Sai a miƙa takardun ga mutum biyar, adadin da Jakob Nielsen, masanin sauƙin amfani da shafukan intanet, ya ba da shawara a 2000. A ce wa kowa ya sayi shadda yadi biyar, a yi shiru. Inda yatsansa ya tsaya yana lalube, a sa alama, a gyara. Bayan nan ne ake buɗe Figma, manhajar zana fasalin shafi a kwamfuta.