Kafin Ka Ɗaure Kaya Zuwa Legas

Assalamu alaikum jama'a. Wannan bidiyon na wanda yake shirin tattara nasa ya nasa ya koma Legas ne, ko don aikin da aka ɗauke shi, ko don kasuwa, ko ci-ranin da yake fatan ya zame masa zama. Tambayar da zan fara yi maka ita ce: Legas ta ina? In amsarka "Legas dai" ce, to ka ɗan dakata, ba ka gama shiri ba tukuna.

[Hoto: taswirar jihar Legas]

Dubi taswirar nan. A jihohin Najeriya 36 babu mai ƙarancin ƙasa kamar Legas, kuma wani babban ɓangarenta ruwa ne. Ƙidayar 2006 ta ce mutanenta miliyan 9 ne da 'yan kai, gwamnatin jihar ta ce sam, sun haura miliyan 17. Ko wanne ka ɗauka, jama'a sun fi ƙarfin filin, shi ya sa garin ya tumbatsa ya malala cikin jihar Ogun. Mowe, Ibafo, Akute, Sango-Ota, duk Ogun ne, amma ka tambayi mazaunansu su ce maka a Legas suke. Manyan ofisoshi da bankuna kuma sun taru a tsibiri, wajen Marina da Ikoyi da Victoria Island, kuma gadoji uku ne ke haɗa tsibirin Legas da sauran gari: Carter, Eko, da Third Mainland mai tsawon kilomita 11.8, wadda aka buɗe a 1990.

Abin da wannan yake nufi a aikace shi ne, wanda ya samu ɗaki mai araha a Mowe amma aikinsa a tsibiri, kafin kiran asuba ya fito daga gida. Da fitilar waya yake laluben hanya zuwa bakin titi, ya yi kokawar shiga danfo, wato ƙaramar bas ɗin haya ta Legas, ya cije a gosulon Berger, ya sauka ya canja wata motar, sallar asuba ma sau da yawa a tasha ko a bakin ofis ake yin ta. Da yamma a sake kwata abin, ya iso gida bayan isha'i yara sun yi barci. Wannan ba ranar da aka yi rashin sa'a ba ce, haka Litinin take, haka Juma'a. Don haka kada ka fara neman ɗaki sai ka san ainihin inda za ka riƙa neman abinci. Daga can za ka auna baya, ka ga ina ne mafi nisan da jikinka da aljihunka za su iya ɗauka.

Lissafin kuma ka yi shi da biro da takarda. Kuɗin mota zuwa da dawowa, sau kwanakin aiki na wata, ka ɗora a kan kuɗin haya. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, sau da yawa ɗakin da ya yi araha a bayan gari shi ne mai tsadar in an haɗa da kuɗin mota. Kuma kuɗin danfo ba ya tsayawa wuri ɗaya, da an yi ruwa ko yamma ta yi sai kwandasta ya ƙara.

Akwai sauƙi ga wanda ya zauna kusa da hanyar motocin BRT, manyan bas-bas masu layinsu na daban a titi, waɗanda suka fara aiki a 2008 daga Mile 12 zuwa CMS, daga baya aka kai su Ikorodu. Jirgin ƙasa na cikin gari ma ya zo: layin shuɗi daga Marina zuwa Mile 2 ya fara ɗaukar fasinja a Satumbar 2023, layin ja kuma daga Agbado zuwa Oyingbo a 2024, yana bi ta Agege da Ikeja da Oshodi da Yaba. Da katin Cowry ake biya. A ganina, ɗaki ƙarami da za ka taka da ƙafa zuwa ɗaya daga cikin tashoshin nan ya fi falo da ɗaki biyu a inda sai ka hau mota uku.

[Hoto: allon "gidan haya" a jikin katanga]

Sai maganar haya, inda baƙo ya fi shan wuya. Kuɗin da dillali ya fara faɗa maka ba shi ne kuɗin da za ka biya ba. Bayan hayar shekara akwai la'adarsa, galibi kashi 10 cikin 100, akwai kuɗin rubuta yarjejeniya kusan haka, akwai kuɗin ajiya saboda ɓarna, wasu gidajen har da na shara da na mai gadi. Dokar haya ta jihar ta 2011 ta hana a karɓi fiye da kuɗin shekara ɗaya daga sabon ɗan haya, ban da unguwanni kamar Ikoyi da Victoria Island da Apapa da Ikeja GRA, amma za ka haɗu da masu neman na shekara biyu ba kunya. Kuma don Allah kada ka tura wa kowa kuɗi a kan hoton da ka gani a WhatsApp. Ana karɓar kuɗin mutum biyar a kan ɗaki ɗaya a garin nan. Ka shiga ɗakin da ƙafarka, ka ga mai gidan ido da ido, ka tambayi maƙwabta ko shi ne, ka karɓi rasit.

In da hali, ka je duba gida da damina, musamman Yuni ko Yuli lokacin da ruwa ya fi ƙarfi. In ba hali, bango zai gaya maka gaskiya. Durƙusa ka duba ƙasan katanga: in ka ga wani layi mai duhu ya zagaye ta daidai gwiwa, fenti ya kumbura yana ɓarewa, nan ruwa yake kaiwa. In ka ga an ɗaga dokin ƙofa da bulo biyu, sai an ɗaga ƙafa a shiga, ba ado aka yi ba. Ambaliya ba ta talaka kaɗai ba ce, tana cin Lekki da Ajah, haka unguwannin bakin kogin Ogun kamar Isheri da kewayen Mile 12 idan aka saki ruwan madatsar Oyan. Ka tambayi ruwan sha kuma: burtsatse ce a gidan ko kullum sai an kira mai ruwa? Wuta mita mai kati ce ko kuɗin ƙiyasi ake rabawa? Mutum nawa ne a kan banɗaki ɗaya?

Wani abin da ba a cika gaya wa baƙo ba shi ne rusau. An rushe unguwar Maroko a 1990, an tashi mutanen unguwar Otodo Gbame a 2016 da 2017. Wurin da ya yi araha fiye da ƙima a bakin ruwa, ko a gefen layin dogo, ko a ƙarƙashin manyan wayoyin lantarki, akwai dalilin arahar.

Yanzu ga 'yan'uwana masu niyyar acaɓa, wannan ɓangaren naku ne, kuma shi ya fi damuna. Daga 1 ga Yunin 2022 an haramta acaɓa gaba ɗaya a ƙananan hukumomi shida: Ikeja, Surulere, Eti-Osa, Apapa, Lagos Island da Lagos Mainland. A Satumbar shekarar aka ƙara Kosofe, Mushin, Shomolu da Oshodi-Isolo. Babur ɗin da aka kama murƙushe shi ake yi. Matashi ya sayar da gonar gado ya sayi babur, ya ɗora shi a tirela daga Arewa, mako biyu ya rasa shi, wannan ba ƙaramar asara ba ce ga gida guda. Kowa ya ƙona rumbunsa, an ce, ya san inda toka ke kuɗi. Kai ka sani? Talla a kan titi ma doka ta hana, kuma ana kwashe kaya.

Abin farin ciki, Bahaushe ba baƙo ba ne a Ikko, wato Legas. Tun zamanin fataucin goro da zuwan jirgin ƙasa kakanninmu suka kafa zango a Agege, ga mayankar Oko-Oba a nan kusa. Ga kasuwar kayan gwari ta Mile 12, ga Idi-Araba, ga Obalende, ga kasuwar shanu ta Kara a bakin gadar Berger. Akwai sarakunan Hausawa da shugabannin kasuwa, kuma ya kamata ka je ka gabatar da kanka, don ran da wani abu ya taso su ne za su ce sun san ka. Abu yakan taso kuwa: an yi rikici a Idi-Araba a 2002, an yi a Mile 12 a 2016 har aka rufe kasuwa. Amma kada zaman zango ya hana ka koyon gaisuwar Yarbanci da Turancin buroka. Da su za ka yi ciniki, da su za ka gane inda kwandasta yake kira, kuma mai gida Bayarabe yana lura da wanda ya iya gaida babba.

Wanda ɗan'uwa ya ce masa "taho kawai", ya tambaya dalla-dalla: a ina zan kwana, mu nawa ne a ɗakin, har tsawon wane lokaci? Wasu da ake ganin hotunansu da manyan kaya a shago suke kwana. Ka riƙe katin ɗan ƙasa a jikinka kullum, ka yi rajistar mazauna jihar a hukumar LASRRA in ka zauna. Mai iyali kuma ya fara zuwa shi kaɗai, ya ga damina ɗaya, ya san makarantar boko da Islamiyya da asibitin da ke kusa, sannan ya aika a kawo su. Kuɗin motar komawa gida kuma ka ware shi tun kafin ka tashi, ka ba wa wanda ka amince da shi a gida ya riƙe maka, kada ya shiga cikin jari.