Ƙarfe a Tsakiya, Mariƙa a Kewaye

An rubuto wannan ne daga muryar da aka naɗa lokacin da wani malamin kimiyyar sinadarai ya yi wa ɗaliban ajin ƙarshe na sakandare lacca a Tudun Wada, Kaduna.

Assalamu alaikum. 'Yan baya, kuna jina? To madalla.

Ku dubi kwalbar nan. Gishirin tagulla ne na narkar a ruwa, wanda littafinku ke kira kofa salfet. Shuɗi ne mai haske. Bari in ɗiga masa ruwan amoniya. Kun ga ya dagule, ya yi gari-gari? Ku dakata, bai lalace ba. In ƙara kaɗan. Ga shi ya washe, ya koma shuɗi mai duhu kamar rigar da aka tsamo daga marina.

Tagullar tana nan yadda take. Waɗanda ke riƙe da ita ne suka canza. Da farko ƙwayoyin ruwa shida ne suka kewaye ta, sai amoniya ta zo ta ture huɗu ta zauna a gurbinsu. A takardar jarrabawa za ku ga an kira masu kewayen nan ligan. Ni mariƙa nake ce musu. A haɗin da kuka saba, karo-karo ake yi, kowane ɓangare ya kawo ilektiron ɗaya, wato 'yar ƙwayar da ke ɗaure atom da atom. Nan kuwa mariƙi ne ke zuwa da biyun duka, kamar baƙon da ya zo da tabarmarsa, shi ƙarfe fili kawai ya bayar.

Wanda ya warware mana wannan shi ne Alfred Werner, a Zurich ta ƙasar Suwizalan, a 1893, yana ɗan shekara 26. Abin da ya ɗaure wa masana kai shi ne wasu gishirai na wani ƙarfe mai suna kobal. Duk kuloraid uku ne a cikinsu, amma in ka zuba musu ruwan azurfa mai kamo kuloraid, mai amoniya shida, ruwan ɗorawa, sai ya saki ukun duka. Mai amoniya biyar, shunayya, ya saki biyu. Mai huɗu ya saki ɗaya tak. Ina sauran suka maƙale? Werner ya ce kobal kujera shida gare shi a kewaye, kuma ba ya barin ko ɗaya fayau. In amoniya ba ta cika su ba, kuloraid ne ke hawa, wanda ya hau kuwa azurfa ba ta iya janyo shi. Babu na'urar ganin atom a lokacin, lissafi da launi kawai ya bi. An ba shi kyautar Nobel a 1913.

Yanzu ku ajiye biro, domin wannan ya fi jarrabawa.

Jinin da ke jikinku ja ne saboda irin wannan haɗi. A cikin himogulobin, sinadarin da ke ɗaukar oksijin a jini, akwai baƙin ƙarfe a tsakiya, naitirojin huɗu sun riƙe shi a kewaye, na biyar ya ɗaure shi da furotin, kujera ta shida an bar wa oksijin. Yana hawa a huhu, ya sauka a inda jiki ke bukata. Riƙon nasa sako-sako ne, kuma haka ake so, don da ya riƙe tamau da bai sauka ba.

To akwai wata iska, kabon monoksaid, da ke fita daga bututun janareta da kaskon gawayi. Ba ta da launi, ba ta da wari. Riƙonta a kujerar nan ya ninka na oksijin fiye da sau 200. Kun san yadda ake yi a unguwanninmu: an ɗauke wuta, ana tsoron ɓarayi, sai a shigo da janareta cikin soro ko lungun ɗaki a kulle ƙofa. Ko lokacin hunturu a kwana da garwashi, taga a rufe. Mutum ya fara jin ciwon kai da jiri, ya ɗauka gajiya ce, ya kwanta. Da safe a ɓalle ƙofa a tarar da iyali guda. Wallahi duk sanda na ji irin labarin nan sai ya hana ni barci. Ku gaya wa iyayenku. In kun tarar da wani a wannan hali, ku fito da shi sarari, ku garzaya asibiti, domin oksijin mai yawa ne ke korar ta daga kujerar.

Wannan ƙarfin riƙo kuma da shi ake ceton rai. A 2010 gubar dalma daga duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Zamfara, irin su Dareta da Yargalma. Likitocin ƙungiyar agaji ta MSF sun riƙa ba yaran wani magani, DMSA. Mariƙi ne mai cafke dalma ta wuri fiye da ɗaya, ya fita da ita ta fitsari. Irin wannan kamu ana ce masa kileshan, daga kalmar Girkanci mai nufin ƙahon ƙaguwa, wato abin matsewarta. Abin da aka kama da hannu biyu wuyar ƙwacewa gare shi.

Na'am, 'yata? Tana tambaya ko wurin zaman mariƙa yana da tasiri. Ƙwarai kuwa. Akwai maganin ciwon daji, sisfilatin, da Amurka ta amince da shi a 1978: ƙarfen filatinam a tsakiya, amoniya biyu, kuloraid biyu. In kuloraid ɗin suna gefe da gefe, magani ne. In suna fuskantar juna, kayan haɗin ɗaya ne amma ba ya wannan aikin.

Mu koma kan kwalbarmu. Miƙo mini asid ɗin nan, ɗana. Asid zai janye amoniyar daga jikin tagulla, ruwa ya dawo kujerunsa. Ku matso ku ga launin.