Laccar malamin gona kan shuka wake mai hawa a tsakar gida

Assalamu alaikum iyayena mata da 'yan uwa, sannunku da zuwa. Na bayan can kuna jina ko? To madalla.

Duk gidan da na shiga maganar ɗaya ce, malam ba mu da fili, tsakar gidan ma an yi mata siminti. Ni kuma sai in ɗaga kai in kalli katanga da igiyar shanya, in ce Hajiya ga fili nan a sama kin barshi. Kuma abin ba baƙo ba ne a wajenmu, kakanninmu suna da waken rumfa, sunan ma ya gaya miki inda yake kwana, a gindin rumfa ake shuka shi ya hau ya rufe ta, a sha inuwa a ci wake. A ƙasar Ruwanda inda mutane suka yi yawa gonaki suka ƙanƙance, da wake mai hawa suka samu mafita, don a fili ɗaya yana ba da ninki biyu har uku na wanda ke zaune a ƙasa.

Amma ki san wanne za ki shuka, nan ne mutane suke asarar iri. Koren waken nan da ake yankawa a firai rais, wanda ake kawowa daga Jos, asalinsa daga Meziko da tsaunukan Kudancin Amurka ne, baya son zafi ko kaɗan. Da zarar zafi ya haura digiri 30 sai fure ya dinga zubewa, ganye shar amma ba ɗa ko ɗaya. Ni kaina na taɓa shuka shi a watan Maris, na yi ta ɗibar ruwa safe da yamma har wata biyu, wallahi ko cikin tafin hannu ban tsinka ba, abin ya dame ni sosai don yara sun sa rai. Saboda haka mu nan Kano da Katsina sai Nuwamba in iska ta fara sanyi, a shayar da shi ya yi fure cikin hunturu. In da damina kike so to ki nemi waken rumfa, ko dogon waken nan ɗan uwan namu na gida, su suna jure rana.

Yanzu maganar abin hawa, kuma don Allah ku riƙe wannan, a kafa shi kafin a sa iri a ƙasa. Mutum sai ya bari wake ya fito ya fara lalube yana neman abin kamawa sannan ya zo da sanda yana cakawa, ya tsinke saiwa, saiwar wake kuwa a sama sama take. Gora ko itace mai tsawon mita 2, uku ko huɗu ki haɗa kansu ki ɗaure kamar za a yi bukka, ko ki buga ƙusa a saman katanga ki sako igiyoyi ƙasa. Karan dawa ma yana yi sai dai gara tana cinsa daga gindi, ranar da wake ya yi nauyi aka yi iska sai ki tarar da komai a kwance. Kar ki sa waya mai santsi, kuma ƙarfe yana ɗaukar zafi ya ƙona kan tsiron. Sannan shi wake da kansa yake naɗewa kuma gefe ɗaya yake bi kullum, in kin ga ya ɓata hanya ki jingina shi kawai a jikin igiya, kar ki murɗa shi ta inda kika ga dama, zai warware.

Ƙwaya biyu ko uku a gindin kowace sanda, zurfin gaɓar yatsa biyu, kai tsaye, baya son dashe. Mai siminti ta samu buhu ko tsohon bokiti ta huda ƙasansa, ƙasa da ruɓaɓɓen takin awaki. Sati ɗaya zuwa kwana 10 ya fito. Yuriya kuwa ku ajiye ta, in kin tono saiwar wake za ki ga wasu 'yan ƙulle ƙulle, su ke haɗa masa taki daga iska, in kin ƙara masa sai ya tafi a ganye.

Baba tana tambaya kan darɓa, ƙananan ƙwarin nan masu tsotsar ganye. Eh tana zuwa, a kan sabon tsiro da bayan ganye, in kin ga tururuwa na hawa da sauka to ki duba. Ki daka ganyen darbejiya ki jiƙa ya kwana, ki tace ki sa ɗan sabulu kaɗan ki fesa da yamma. Ruwa kuma a gindi ake zubawa. Kaji da akuya ba sai na faɗa ba, sati ukun farko a kewaye.

Wajen wata biyu ko da 'yan kwanaki za ki fara tsinka, kuma ki tsinka duk bayan kwana biyu ko uku, don in kika bar kwanso ya ƙosa a jiki uwar sai ta rage fure. Na iri ki ware gindi ɗaya ki barshi ya bushe. Shi waken rumfa kuma a jiƙa a zubar da ruwan, a dafa shi sosai tukunya a buɗe, ɗanyensa yana da guba, kar a bar yara su tauna. Wa ke da wata tambayar kafin a kira la'asar?